Lambun Baba a Cikin Leda

Surukina, mahaifin maigidana, mai lambu ne tun kafin ya fara gemu. Lambun yana bakin rafi a gefen gari, filin haya ne da ubansa ya fara nomawa shi kuma ya ɗora, a nan ya ƙarar da ƙarfinsa kan tumatir da albasa da latas da karas. A waje Baba Mai Lambu ake ce masa, mu a gida Baba kawai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har in ya shafa kan jariri sai jaririn ya tsala kuka. Ba shi da yawan magana da mutane, amma an sha jin sa yana yi wa kabeji faɗa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. A kowane fangali, shukar da ta fi kowace kyau sai ya ɗaura mata ɗan tsumma a gindi. Wadda aka ɗaura wa tsumma ba a taɓa ta, ta iri ce, a nan za ta tsufa ta bushe ya kwashe 'ya'yanta ya zuba a kwalba. Maigidan yakan ce shi ya tashi a gidan mai lambu amma bai taɓa ɗanɗana tumatir mai kyau ba: na ɗaya na iri, na biyu na kasuwa, wanda ya fashe shi ne na gida. In ya faɗi haka a gabansa, Baba sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ai ga ka nan ka girma, har da tumbi."

Sai masu filin suka sayar, aka zo da manyan motoci aka baje fangalan aka gina rumbun ajiyar kaya. Ba a daɗe ba Inna, matarsa, ta rasu. Gwiwoyinsa kuma suka fara kumburi. Muka je muka ɗauko shi da akwatinsa da kwalaben irinsa muka kawo shi gidanmu, can saman bene, inda barandarmu ke fuskantar bangon wani benen da ya fi namu tsawo. Rana takan leƙo da hantsi ta gaishe mu ta wuce. Baba ya samo tsofaffin bokitan fenti ya cika da ƙasa ya shuka tumatir. Suka fito sirara, farare fat, suka yi ta miƙa wuya suna neman haske har suka faɗi. Ya sake gwadawa da latas, haka. Daga nan ya jera bokitan a lungu ya daina fita barandar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cin abincinsa. Zan zuba masa shinkafa da miya, ya sa cokali ya ja layi a tsakiyar farantin, ya ɗan taɓa gefe ɗaya, ya turo min saura.

Na ce, "Baba, ko gishiri ne bai ji ba?"

"Ya ji, 'yata. Hannunki ba ya kuskure."

"To ku ƙara mana."

"Me na yi yau da zan ƙara? Na tashi daga gado na koma kujera. Ni ban saba cika cikina a gidan da ban shigo da ko ganye ɗaya ba."

Maigidan ya ce, "Haba Baba, ai gidanka ne."

"Gidanka dai," in ji shi, ya goge bakinsa.

Ni ba ni da dogon haƙuri, kowa ya sani, amma suruki ba a ɗaga masa murya, sai dai tukwanena su sha wahala. A kantin magani nake aiki, na kwaso masa duk wani maganin buɗe ciki da muke da shi. Ya sha ya yi godiya, ko a jikinsa. Likita ya duba shi ya ce ba wani ciwo ban da tsufa. Ina ji ina gani rigunansa suka fara yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Mutum yana ƙarewa a teburina, ga abinci a gabansa, abin nan ya ci min rai ƙwarai.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min hoton wani abin shukawa a wayarta. Ta ce ana sayar da shi a kwali, ba ya son rana, a ɗaki ake ajiye shi. Da na ji "ba ya son rana" sai na tuna barandarmu. Na sa aka kawo min ɗaya. A cikin kwalin akwai wata leda mai nauyi kamar ƙaton burodi, cike da garin katako da wani farin abu kamar auduga ya mamaye ya haɗe shi wuri guda. Ga 'yar kwalbar feshi, ga takardar bayani. Sai ka tsaga ledar da reza, ka riƙa fesa ruwa safe da yamma, laimar kwaɗi ta fito.

Baba ya juya ledar a hannunsa ya shinshina. "Laimar kwaɗi? Wadda muke takewa da ƙafa bayan ruwan sama?"

"Wannan ta ci ce, Baba. A kanti naman kaza ake ce mata."

"Ina ƙasar?"

"Babu ƙasa."

"Rana fa?"

"Ba ta so."

"Abin da ba ya son ƙasa, ba ya son rana. Ai wannan ɗan birni ne, irin mijinki."

Na yi kamar ban damu ba. Na tsaga ledar, na ajiye ta a kan ɗan teburin da ke ɗakinsa, na ce ni dai ba ni da lokacin feshi, in ta mutu ta mutu. Na san abin da nake yi. Washegari ina haɗa shayi na jiyo fis, fis, fis daga ɗakinsa.

Cikin 'yan kwanaki ya mayar da abin aiki. Bai yarda da takardar ba, da bayan hannunsa yake auna damshin ledar. Ya sa na ba shi tsohon tawul ya jiƙa ya yi mata rumfa. Ya hana yaranmu buɗe tagar ɗakin da ƙarfi. Na taɓa wucewa na ji yana cewa, "Ke kuma sai yaushe? Ana ba ki kina sha, kin yi shiru kamar baƙuwa." Da safen nan ya nemi ƙarin burodi, wai kwalbar feshin tana cin ƙarfin yatsa. Na miƙa masa ban ce uffan ba, don kada in kore abin da baki.

Ranar da ta fito, kiran da ya ƙwala min har maƙwabta sun ji. Tun zuwansa gidan ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na rugo da ludayi a hannu, na ɗauka faɗuwa ya yi. Yana tsugune gaban tebur da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, yana nuna bakin tsagar. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne cunkushe, kamar kawunan ashana.

Kullum aka wayi gari sun ninka jiya. Suka buɗe suka zama kamar kunnuwa masu ruwan toka, wani a kan wani, ƙasansu fari da layi-layi, har gungun ya fi kan yaro girma. Baba ya ce tun da yake bai taɓa ganin shukar da ke girma kana kallonta ba. A kwanakin nan ya daina ja wa farantinsa layi. Bai cinye duka ba, amma yana ci yana ba yaran labarin shekarar da ambaliya ta tafi da albasarsa ya bi ta da kwando. Ni da maigidan muka riƙa satar kallon juna ta saman kofi.

Takardar ta ce a yanke tun gefen kunnuwan yana lanƙwashe ƙasa, kafin su baje. Ta ce kwana ɗaya ko biyu ke tsakanin kyau da lalacewa. Da na ga lokaci ya yi na ɗauko wuƙa da kwano, har na sayo ƙwai. Ina shiga ɗakin na ga ɗan jan tsumma ɗaure a gindin gungun. Na san ma'anarsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na iri ne."

"Duka?"

"To ya zan yi? Duk a gindi ɗaya suke. Na nemi in ware mai kyan in bar muku saura, abin ba ya rabuwa. Ki yi haƙuri da wannan karon. In na samu iri, bokitan nan duka zan cika, har maƙwabta sai kin ba."

"Baba, wannan ba ta da iri. In ta ƙare, wata ledar ake sayowa."

"Wa ya gaya miki?"

"Takardar."

"Mai sayarwa ne ya rubuta takardar. In ya ce miki tana da iri, gobe wa zai je wurinsa? Babu abin da Allah ya halitta ya hana shi barin baya."

Na tsaya da wuƙa a hannu. Na fito na samu maigidan na ce ya je ya yi wa mahaifinsa bayani. Ya ce, "Ni? Yaushe na taɓa cin nasara a kan tsumman nan?" Ranar tukwanena sun ji a jikinsu.

Baba ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashin gungun ya zauna gadi. Kunnuwan suka baje, gefensu ya tashi sama ya fara yagewa. Sai ga wata farar ƙura, laushi kamar hoda, ta rufe ƙyallen da teburin har da gilashin idonsa. Ya kira ni ya lakato da yatsa ya nuna min. "Ga irin da babu."

Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, daga baya na bincika. Ƙurar nan ita ce irin. Sai dai ba a ƙasa ake shuka ta ba, masu yin ledar suna da ɗakuna na musamman da ake dafa komai a kashe ƙwayoyin cuta kafin ta kama. Na gwada faɗa masa, ya ce kowane iri da wuyarsa, karas ma sai da ya ba shi wahala kafin ya gane kansa. Yana ta kankare ƙurar da gefen kati yana tarawa a takarda, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Ban iya ci gaba ba.

Gungun kuwa ya yi rawaya, ya yi tauri kamar tsohon takalmi, ya fara wari, ƙananan ƙudaje suka taru. Da hannunsa ya cire shi ya ba ni na zubar. Ko yanki ɗaya ba mu kai baki ba.

Ya jawo bokitan fentin nan, ya tankaɗe ƙasar, ya barbaɗa ƙurar, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma yana kansu. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, wata ya cika. Babu abin da ya fito sai gansakuka. Tari kuma ya kama shi, wanda likita ya ce mai yiwuwa ƙurar da ya kwana yana shaƙa ce ta tayar da shi. Ledar ta yamushe ta yi duhu, na fitar da ita baranda na jefa bayan bokitin wanki kafin in samu sauka da shara.

Wata safiya na same shi ya tona bokiti ɗaya da yatsa har ƙasa. Ya shinshina ƙasar, ya karkaɗe hannunsa.

Ya ce, "Abinci ya zo har bakin tukunya, na hana jikokina."

"Ba komai, Baba. Zan sa a kawo wata ledar."

"Kada ki soma. Ba ledar ce ta gaza ba."

Daga ranar abin ya fi na da muni. A da layi yake ja a faranti, yanzu farantin ma ba ya so a kawo. Shayi, sai cokali biyu na wani abu in na tsaya a kansa. Tarin ya sauka ƙirji, aka yi masa allurai, aka ce ya kwanta. Na yi ta cizon yatsa a kan kwalin nan. Na ɗaga Baba sama ne kawai don ya fi jin zafin faɗuwa, haka nake gani, ga haushin kaina, ga haushinsa.

Abu ɗaya ya ɗan sanyaya min rai: kofin ruwan da nake ajiye masa a gefen gado kullum sai in tarar babu komai. Na ce ko ba ya ci, yana sha. Sai ranar da ba ni da aiki, da hantsi, na gan shi ya fito yana bin bango, kofin a hannu. Ya wuce falo ya buɗe ƙofar baranda, ya sunkuya bayan bokitin wanki ya tsiyaye ruwan a bakin tsagar ledar, a hankali, kada ya zube a banza.

Na ce, "Baba, ai ta mutu."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Ba a barin abu da ƙishi don kawai ya daina ba ka."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "To ku fa? Ku me ya sa kuke barin kanku da yunwa a gidan nan? Mu ba mu san hakan ba ne?" Tun da na shigo danginsu ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba.

Ya dube ni, ba fushi a idonsa. Ya ce, "Wannan daban, 'yata." Ya miƙo min kofin ya kama bango ya koma. Na tsaya a barandar na yi kukana na share, na bar ledar a inda take.

Bayan kamar mako biyu, da yamma ina yanka albasa, na ji jan ƙafa a bayana. Baba ne a ƙofar kicin, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya sa rigarsa ta fita, ya maɓalle har wuya. Hularsa na hannunsa biyu, a cikinta ga laimar kwaɗi 'yan ƙanana, sabbi, gefensu a lanƙwashe. Ba su fi cikin tafin hannu ba. Ashe ledar ta sake tsirowa a bayan bokitin, ya gani bai gaya wa kowa ba, ya jira, ya yanke da tsohuwar wuƙarsa ta lambu. Duka ya yanke.

Ya ce, "Ga wannan. A sa wa yara."

Yadda ya faɗe shi, kamar ya dawo daga bakin rafi ne da kwando a ka. Na goge hannuna, na rusuna na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya ƙara albarka."

"Amin. Da albasa za ki soya. Kada ki cika wuta."

Da suka ji mai sai suka ƙanƙance, har na tsorata kada su ɓace a kaskon. Na fasa ƙwai na haɗa don abin ya yi auki. Baba ya ƙi komawa gado, ya zauna a tebur tare da mu, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na raba wa yaran biyu da ubansu a gefen shinkafa. Auta ta ɗaga yanki ɗaya da cokali tana yatsina fuska.

Baba ya ce, "Amarya, haka ake yi wa miji? Na yo cefane kina harararsa?"

Ta yi dariya ta jefa a baki. Ta tauna, ta tsaya, ta ce da daɗi, ta miƙa cokali farantin yayarta. Yayar ta buge mata hannu. Suka fara rigima a kan ɗan yankin da ya rage, Baba yana kallonsu bakinsa a buɗe, kamar kada su daina. Maigidan ya sunkuyar da kai yana ci, bai yarda ya ɗago ba. Na ɗebi ɗan abin da na ɓoye a kasko zan sa wa Baba, ya ɗaga hannu ya ce na yara ne.

Sai da ya ga sun share wurin tas, sannan ya turo farantinsa gabana.

"To, 'yata, zubo min shinkafar. Ki cika."

Na cika har tana zuba, na malala miya. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya kai cokali na farko. Ya daɗe yana taunawa kafin ta wuce. Na biyu ya tsaya masa, tari ya turnuƙe shi, maigidan ya tashi ya riƙe shi ya ba shi ruwa. Da ya lafa ya sake ɗaukar cokalin. Ya ɗebo, ya kawo rabin hanya, shinkafar ta zube a rigarsa. Yunwa yake ji, a idonsa na gani, yunwa ta gaske irin ta wanda ya wuni a lambu, amma jikin ya riga ya manta yadda ake karɓa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Wannan ne zamansa na ƙarshe a teburinmu. Washegari muka sauko da shi zuwa asibiti, bai sake hawowa benen ba.

Amma a yammacin nan ya zauna har yaran suka tashi, har miyar ta daskare a kan shinkafar. Na kwashe sauran kwanukan na wanke na dawo, yana nan, cokali a hannu. Na miƙa hannu a hankali zan ɗauke farantin. Ya ɗora tafinsa mai kanta a gefensa ya riƙe.

"Bar shi, 'yata," in ji shi. "Ban gama ba."